Rufin Badarawa: Tsakanin Iskar Bazara da Jan Fentin Hukuma

Duk wanda ya yi 'yan shekaru a Kaduna ya san yadda damina take sallama: ba da lallami take shigowa ba. Wajen ƙarshen Afrilu ko farkon Mayu, bayan zafin bazara ya gama gasa gari, sai wata rana da la'asar a ga gabas ta haɗe ta yi baƙi ƙirin. Iska ta riga ruwa isowa, ta tashi ƙura da ledoji, cikin minti goma ko sha biyar ta gama abin da ya kawo ta. Washegari in ka ratsa lungunan Badarawa, ko Kwaru, ko Unguwar Dosa, za ka tarar da fallen kwano a kanannaɗe jikin wayar lantarki, katifu a shanye kan katanga, yara suna tsintar ƙusoshi, mai gida kuma yana tsaye a tsakiyar ɗakinsa yana kallon sararin samaniya. Maƙwabta su shigo jaje, a ce Allah ya mayar da alheri, a ce ai iska ce.

Babu mai hankalin da zai yi musun ƙaddara. Amma akwai tambayar da ba mu cika yi ba, wataƙila don kada a ce mun ƙara wa mai ciwo gishiri: me ya sa iska ɗaya, a layi ɗaya, a lokaci ɗaya, take yaye rufin wannan gida ta bar na jikinsa ko gezau bai yi ba? Iskar ba ta san sunan kowa ba. Abin da ta sani shi ne ƙusa da katako da yadda aka ɗaure su, kuma a nan ne bambancin yake.

Mutane da yawa sun ɗauka tura kwano iska take yi har ya faɗi. Ba haka abin yake ba, ɗaga shi take yi. Idan iska mai ƙarfi ta bi ta saman rufi sai ta tsotse shi zuwa sama, kusan yadda take ɗaga fiffiken jirgi. Idan kuma aka yi rashin sa'a ƙofa ko taga tana buɗe ta ɓangaren da iskar ta fito, sai ta cika ɗakin ta tokare rufin daga ciki, ya zama ana ja daga sama ana turawa daga ƙasa. Sannan ƙarfinta ba daidai da gudunta yake ƙaruwa ba: in gudun ya ninka sau biyu, ƙarfin da take sauke wa rufi ninkawa yake yi sau huɗu. Wuraren da suka fi jin jiki su ne kusurwoyi da bakin rufi da tsinin sama, shi ya sa kwano kullum daga gefe yake fara ɓallewa, kuma da zarar falle ɗaya ya ɗaga, sauran sun zama nama. Rufin da ya kwanta sosai ya fi saurin tsotsuwa. Wanda aka cika wa tsayi kuma ya zama bango na biyu da iska za ta yi ta duka. Matsakaici mai fuska huɗu shi ya fi jurewa.

Saboda haka rufi sarƙa ne. Kwano yana riƙe da katakon da aka buga shi a kai, wannan yana riƙe da manyan katakan da suka tashi zuwa tsini, su kuma suna zaune kan katakon da ke kwance bisa bango, shi kuma dole a ɗaure shi da bangon kansa. Tsofaffin kafintoci sun san wannan ɗauri na ƙarshe shi ne ran aikin. Tun ana gini ake binne rodi ko langa-langa a cikin linta, ko a ƙarƙashin layin bulo biyu ko uku, a bar bakinsa a waje, ranar rufi a lanƙwaso shi a naɗe katakon da shi. Gidan da ka ga iska ta ɗauke masa rufi ɗungurungum kamar an cire hula, har da silin, to nan ne aka yi ha'inci: an ɗora katako kan bulo an kafa masa ƙusa 'yar inci huɗu, ko kuwa an binne langa-langar a layin ƙarshe kaɗai, iska ta tashi da rufin da bulon gaba ɗaya. Wanda kuma ka ga kwanon ne ya tafi katakon yana nan, to ko dai an yi rowar ƙusa mai hula, ko an buɗa tazarar katako don a rage kuɗi, ko kwanon ne irin mai kaurin takardar nan da kan ƙusa yake yaga shi kamar tsumma. Ga kuma ɗanyen katako da ba a shafa masa maganin gara ba, wanda bayan damina uku ya zama gari.

Abin takaicin shi ne duk waɗannan abubuwa su ne mafi araha a cikin lissafin gini. Kuɗin langa-langa da ƙarin ƙusa da baƙin mai na ɗaki biyu bai kama ƙafar kuɗin bandir ɗaya na kwano ba. Amma da yake rufi shi ne ƙarshen aiki, lokacin aljihu ya rarake, mai gida ya ƙosa ya bar gidan haya, kafinta kuma jinga ya karɓa, duk abin da ya rage nasa ne, sai a haɗu a kan abin da ido ba ya gani a ce a bar shi haka. Silin yana rufe asirin kowa, sai dai ba ya rufe shi daga iska.

To wa ke da alhakin leƙa wannan aiki kafin a rufe shi? A takarda kam, amsa a shirye take. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa dukkan filayen jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Shi ke ba da takardar mallaka a wuraren da ya ayyana a matsayin birni, ƙaramar hukuma kuma ta ba da ta gargajiya a karkara. Dokar tsara birane da yankuna ta 1992 ta ce ba a yin gini, ko sake gini, ko sauya amfanin wuri sai da izini. A 2003 Kotun Ƙoli, a ƙarar da Jihar Legas ta kai Gwamnatin Tarayya, ta yanke cewa tsara gari hurumin jihohi ne. A 2006 aka fitar da kundin ƙa'idojin gini na ƙasa, wanda saboda wancan hukunci ba ya da haƙoran cizo a ko'ina sai jiha ta karɓe shi ta mayar da shi dokarta. A nan Kaduna, KASUPDA ce ke ba da izinin gini, KADGIS kuma, wadda aka kafa a farkon mulkin Malam Nasiru El-Rufa'i, ita ke riƙe da rajistar filaye.

Mai neman izini, a nan da sauran jihohi, abin da ake tambayarsa kusan ɗaya ne: takardar mallakar fili, zanen gini mai hatimin ƙwararren mai zane, lissafin injiniya in ginin bene ne, shaidar biyan haraji, sai kuɗin hukuma. Ga wanda zai gina otal a kan titin Isa Kaita ko rukunin gidaje a Millennium City, wannan daidai ne, har ma a ƙara masa. Amma a ɗauki wannan jerin a kai wa bazawarar da ke son ta sauya ruɓaɓɓen kwanon ɗaki biyun da ta gada a cikin lungun Badarawa, ta ɗaga bangon da layi uku don zafi. Tun a sharaɗin farko tafiyarta ta ƙare.

Dalili kuwa yana cikin tarihin unguwar. Lokacin da Lugga ya dawo da hedikwatar Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna a 1917, garin da ya zana na Turawa ne da barikin soja da ma'aikatansu. Dokar birane ta wannan shekara ta zo da ƙa'idojin gini da na tsafta, kuma tsarin Turawan ya tanadi fili na yadi 440 da ba a gini a cikinsa tsakanin unguwarsu da ta 'yan ƙasa. Ƙauyukan da ke gefe, na Gwari da na Hausawa manoma da sauran masu cin arzikin sabon gari, an bar su da sarakunansu da al'adarsu ta rabon fili. Mai neman wurin zama ya je wurin mai unguwa, a auna masa da taki, a kafa turaku, a raba goro. A 1967 kamfanin Max Lock na Ingila ya fitar da babban tsarin Kaduna wanda ya hango shekara hamsin, har zuwa 2017, sai dai gari ya fi takardar sauri. Badarawa da Kawo da Unguwar Shanu da Unguwar Rimi da ire-irensu, birni ne ya zo ya same su ya haɗiye, ba su suka shigo birni ba. Bayan rikicin 2000 da na 2002, da jama'a suka rarrabu kowa ya koma inda yake jin ransa zai tsira, unguwannin arewacin kogi suka ƙara cika. Filin da a da ake shanya dawa ya zama ɗakunan haya, garka ta zama shago.

Wato an gina Badarawa da dokar ƙauye, yau kuma ana auna ta da ma'aunin birni. Akwai wani abu ma da mutane da yawa ba su sani ba: Dokar 1978 ɗin nan ta ce wanda yake riƙe da ginannen wuri a birni tun kafin ta fara aiki, ana ɗaukarsa tamkar gwamna ya ba shi izinin mallaka. Ke nan tsohon gidan gado ba haramtacce ba ne, takarda ce kawai ba shi da ita. Amma daga 1978 zuwa yau an raba gadon sau biyu ko uku, an sayar da ɓangare, wanda ya saya ya sake yankawa ya sayar, duk da 'yar takardar yarjejeniya mai sa hannun mai unguwa da shaidu, alhali dokar ta ce sayar da fili a birni sai da amincewar gwamna. KADGIS ta buɗe ƙofar daidaita irin waɗannan takardu, kuma wannan abin a yaba ne. Sai dai gidan da magada goma sha biyu suke da haƙƙi a ciki, uku suna Legas, ɗaya ba ya magana da sauran, ba ya samun takarda a wata guda, ita kuwa damina ba ta jiran a sasanta.

Sakamakon haka shi ne mafi yawan aikin gini a irin waɗannan unguwanni ana yin sa ne ba da sanin hukuma ba, kuma kowa ya san haka, har da hukumar. Talaka bai san ta a matsayin mai ba da shawara ba. Ya san ta ne da jan fenti a jikin katanga, da takardar wa'adi, da katafila. Shekaru takwas na El-Rufa'i sun kafe wannan hoto a zukatan mutane. Ba zan shiga sahun masu cewa babu alheri a cikin shirin sabunta birni da aka ƙaddamar a 2019 ba. Wanda ya san cunkoson Kawo kafin sabuwar gada ba zai faɗi haka ba, kuma wanda ya yi gini a kan magudanar ruwa ko filin makaranta ba shi da bakin kuka. Amma rushe Kasuwar Barci da sauran kasuwanni da gidaje ya koya wa mutane darasin da ba shi aka yi nufi ba, wato ka yi nesa da ofishin nan gwargwadon iko. Shi ya sa ake yin rufi ranar Asabar da Lahadi, a gaggauce, kafin ma'aikata su dawo aiki. Aikin da aka yi da ido ɗaya a kan hanya kuwa, ba a tsayawa ɗaure masa langa-langa.

Kada wani ya ce ai mu ba mu gaji ƙa'idar gini ba, Bature ne ya kawo. Magina a ƙasar Hausa sana'a ce mai shugabanci, akwai Sarkin Magina, akwai shekarun da yaro zai yi yana cuɗa ƙasa da miƙa tubali kafin a yarda ya ɗora azara. Sun san iyakar tazarar da azarar giginya za ta iya ɗauka, in ɗaki ya fi haka faɗi sai a yi masa ginshiƙi ko ɗaurin guga. Sun san bangon gabas shi ke shan dukan ruwa, don haka shi ake fi kula da yaɓensa da makuba. Sun san inda indararo zai kalla. Bakan gizon da Babban Gwani ya ɗaura a Masallacin Juma'a na Zariya tun zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, a ƙarni na 19, har yau masana gine-gine daga ƙasashen duniya suna nazarinsa. Ta fuskar shari'a kuma, duk ɗalibin da ya sauke Risala a zaure ya wuce ta kan hukunce-hukuncen maƙwabtaka: ba a buɗe tagar da za ta leƙa gidan maƙwabci, ba a haƙa ramin da zai cutar da shi, kuma in gida mai hawa biyu na mutum biyu ne, an fayyace wanda gyaran ƙasa da katakon rufinsa yake kansa. Wani magini a Tunis mai suna Ibn al-Rami ya rubuta littafi sukutum a kan hukuncin gine-gine tun a ƙarni na 14. Abin lura a nan shi ne waccan ƙa'ida ba ta fara da tambayar ina takardarka ba. Tambayarta ita ce wa wannan gini zai cutar. Kuma mai sa ido yana cikin unguwa, ya san ka, ka san shi.

Mun saki wancan, ba mu kama wannan ba. Kuma gaskiya ɗaya ce, laifin ba na hukuma kaɗai ba ne. Mu ma masu gidaje muna da namu kason, mai tsoka. Dubi yayin dogon rufin nan da ya shigo, wanda tsayinsa ya kusa fin na ginin da ke ɗauke da shi, ana ɗora shi kan tsohon bangon da aka yi don ya ɗauki kwano mai sauƙi. Dubi masu zuba dakin a kan bulo inci shida da harsashin da ba a haƙa don bene ba, saboda kawai kuɗin haya ya tashi. Dubi masu buga bulo da suke matse buhun siminti ɗaya har sai ya haifi abin da in ka murza da yatsa zai zube. Dubi wanda yake fito da bakin kwanonsa har ya haye katangar maƙwabci, ruwan gidansa kaf ya riƙa sauka a gindin bangon wani, in an yi magana ya ce ai a filinsa yake. Shari'ar irin wannan ba ta ƙarewa a ƙofar masu unguwanni duk damina. Sannan mun sare darbejiya da mangwaron da suke karya ƙarfin iska mun kafa shaguna a gurbinsu. Kwanon da ya tashi kuwa ba gidan mai shi yake tsayawa ba. Wuƙa ce mai fiffike, kuma wanda take samu galibi yaro ne da ya fito tarar ruwa ko mai talla da ke neman mafaka. Ranar 12 ga Yulin 2024 ginin makarantar Saints Academy da ke Busa Buji a Jos ya rufta a kan ɗalibai suna cikin aji, mutum 22 suka rasu. Babu ɗaya daga cikin yaran nan da aka yi shawara da shi ranar da ake zuba kankaren.

In haka lamarin yake a Badarawa, wadda take 'yan mintuna daga ofisoshin gwamnati, to mai karatu ya ƙiyasta yadda yake a ƙauyukan Igabi da Giwa da Soba. Can jinka da soro suna ɓacewa, kwano yana maye gurbinsu, don shi ne alamar an samu amfanin gona, kuma ya raba mutum da gobara da yaɓen shekara-shekara. Amma ana ɗora shi ne kan bangon ƙasa wanda ba ya riƙe ƙusa, sai a bi shi da duwatsu da tsofaffin tayoyi a danne. Soro nauyinsa ke tsare shi. Kwano ba shi da nauyi, ɗauri ne kaɗai gatansa, kuma ilmin ɗaurin bai bi kwanon zuwa ƙauye ba. Ƙananan hukumomi suna da sashen ayyuka, amma yaushe rabon da a ji ma'aikacinsa ya je duba rufin wani? Abin da ya fi ciwo ma shi ne, a ƙauye da yawa ginin da iska take fara yayewa shi ne na makarantar firamare ko ɗakin shan magani, wato ginin gwamnati, wanda aka yi da zane da hatimi da takardar shaidar kammala aiki. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa tarin takardu ba shi ke riƙe rufi ba. Bayan ɓarna kuma sai hukumomin agajin gaggawa su zo da bandir-bandir na kwano da ƙusa da siminti a rarraba, a mayar da rufin yadda yake jiya, a jira baɗi. Guguwar da ta afka wa garin Bauchi a watan Yunin 2018, ta kashe mutane ta yaye dubban gidaje, ta isa ta zama izina ga Arewa baki ɗaya, amma ban ga abin da ta sauya a yadda muke buga kwano ba.

Wasu sun ɗauki irin wannan izina. A 1992 guguwar Andrew ta ragargaza kudancin jihar Fulorida ta Amurka. Da aka bincika sai aka tarar gidaje da yawa ba ƙarfin iskar kaɗai ya kayar da su ba, har da sakacin ɗaurin rufi da raunin masu duba aiki. Daga nan suka yi kundin gini guda na jiha, wanda ya fara aiki a 2002, aka tsaurara sharaɗin ɗaure rufi da bango da ƙarfe, aka kuma tsaurara dubawa. Wato ƙasa mafi arziki a duniya, da ta tashi gyara, langa-langa ta koma wa.

Abin da nake ganin ya kamata Gwamna Uba Sani da Majalisar Dokokin Jiha su duba shi ne raba abubuwa uku da aka cusa a tukunya ɗaya: mallakar fili, kuɗin shiga, da lafiyar gini. Na farko yana iya ɗaukar shekaru, na biyu gwamnati tana da hanyoyi da yawa na nemansa, na uku kuwa ba ya jira. A fito da ɗan ƙaramin izini na gyara da rufi ga gidajen ƙasa a tsofaffin unguwanni da ƙauyuka, takarda ɗaya, da Hausa da Turanci, a kuɗin da bai wuce na bandir ɗin ƙusa ba, ko ma kyauta. A rubuta ɓaro-ɓaro a jikinsa cewa wannan izini ba shaidar mallaka ba ne, kuma neman sa ba zai zama sanadin rushe gidan kowa ba. Sharuɗɗansa kada su wuce abin da kafinta zai iya haddacewa: yadda za a ɗaure katako da bango, tazarar katako, yawan ƙusa a gefe da kusurwa, mafi ƙarancin kaurin kwano, maganin gara, da cewa ruwan rufinka a gidanka ko a kwata zai sauka. Mai dubawa ya zo sau ɗaya, bayan an gama katako kafin a buga silin. A kuma fayyace wa jama'a iyakar da ke tsakanin gyara da sabon gini, don mai sauya falle biyar da suka ruɓe ya san ba ya bukatar zuwa ko'ina. Amma bene, da makaranta, da masallaci, da coci, da duk inda jama'a ke taruwa, a nan kada a sassauta ko kaɗan. A nan ne ya kamata injiniyoyin KASUPDA su tattara ƙarfinsu.

Masu dubawar ma ba sai an je nesa ba. Ga Kwalejin Fasaha ta Gwamnati a Malali, maƙwabciyar Badarawa, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, ga sashen nazarin gine-gine na Jami'ar Ahmadu Bello, duk shekara suna yaye matasan da suke zaune ba aiki. Kafintoci da birkiloli kuma suna da ƙungiyoyinsu da shugabanninsu a kowace unguwa, waɗanda in aka ba su horo na 'yan kwanaki da katin shaida, aka ce sunan kafinta zai shiga takardar izinin, to wanda rufinsa ya tashi sau biyu kasuwa da kanta za ta hukunta shi.

Na san abin da mai karatu zai ce: duk sabon izini a Nijeriya sabuwar ƙofar cin hanci ce, mai dubawa zai tsaya a bakin zaure a miƙa masa na goro ya sa hannu ya wuce. Wannan tsoro yana da tushe, ba zan raina shi ba. Amma cin hanci yana ƙiba ne a inda sharaɗi ya fi ƙarfin mutum, ko ya yi duhun da ba a gane shi. Wanda aka ce ya kawo takardar da ba zai taɓa samu ba, dole ya nemi hanyar baya. Wanda aka ce ya ɗaure katakonsa da ƙarfen da bai kai kuɗin cin hancin ba, don amfanin kansa da 'ya'yansa, me zai saya da toshiyar? Kuma sharaɗin da aka rubuta da Hausa aka manna a ƙofar mai unguwa, maƙwabci ma mai dubawa ne, domin shi kwanon zai faɗa wa.

Akwai rukuni ɗaya da ko wannan tsari ba zai kai gare su ba sai an ambace su da suna, su ne 'yan haya, waɗanda suke da yawan gaske a Badarawa. Ɗan haya ba shi ya zaɓi kafinta ba, bai ga katakon ba, ba shi da ikon taɓa rufin, amma shi ne yake kwana a ƙarƙashinsa, kuma kayansa ne suke jiƙewa. Mai gidan sau da yawa yana wata unguwa, wakili ne yake zuwa karɓar kuɗi. In ɗan haya ya yi ƙorafin yoyo, amsar da ya saba ji ita ce ya gyara a cire a kuɗin baɗi, ko kuwa ya tashi akwai masu jira. Ya kamata duk dokar da za a yi ta ba shi damar ya kira mai dubawa da kansa, ba tare da neman yardar mai gida ba, ta kuma hana a kore shi saboda ya yi hakan. Lokacin wannan kira kuwa shi ne Fabrairu da Maris, sa'ad da katako yake a bushe, kafintoci ba su da cunkoso, kuɗin kwano bai tashi ba tukuna.